Kunnuwan Mai Gyaran Agogo

A ɗakin jiran likita, wata dattijuwa ta ƙura wa saurayin da ke gefenta ido.

"Ɗana, me ke damunka?"

"Lafiyata ƙalau, Inna. Kunnuwan nan za a rage mini. Tun ina yaro ake ce mini Faifai."

"Kai ba ɗan mai gyaran agogon bakin tasha ba ne?"

"Mahaifina ne. Bara ya rasu. Kin san ni?"

"Allah ya jiƙansa. Kunnuwan na gane. Kamar shi ne zaune, ya kara agogo a kunne yana saurare."

Saurayin ya shafa kunnensa yana murmushi. Da aka kira shi, sai ya gyara zama.

"Shiga, Inna. Ni da kunnuwan muna nan muna jiran sauran labarin."