Man Kaɗanya Don Gashin Maiɗakinsa

A layin shagon kayan shafa, wata malamar asibiti ta zuba wa mutumin gabanta ido yana shinshina man kaɗanya.

"Malam, kai da sanƙo, me za ka yi da wannan?"

"Na maiɗakina ne. Rilaksa, man miƙe gashi, ya cinye mata gashi. Nakan haɗa da man kwakwa, in ɗumama, in shafa mata bayan kwana uku-uku."

"Da hannunka?"

"To da na wa? Ba ta ganin ƙeyarta. Har ya fara tohowa."

Ta taɓe baki. "Wahalar banza. Wasu matan dai sun iya sa miji aiki."

"Kin gwada ne, Hajiya?"

Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

"Ni aske nawa na yi. Wata biyu ke nan, maigidan bai ma lura ba."