Ƙafar da Maigidana Ya Ƙi

Salamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Rabi daga Ɗan Kassari.

Bara aka yanke wa maigidana ƙafa bayan haɗarin moto. Wata ƙungiya mai gyara tsofaffin ƙafafun roba ta zo Dogon Dutsi, har an auna shi don a ba shi wata, sai abokansa suka ce, "Ƙafar mamaci ce, iskarsa za ta biyo ka." Ya ƙi karɓa, aka gyara wa maƙwabcinmu ita.

Yanzu ruwa ya sauka. Maƙwabcin yana rufe ramin shuka da ita, maigidana yana zaune yana cizon yatsa.

Jama'a, ina za mu sake samun ƙungiyar nan? Ku kuma abokansa, rigunan gwanjon da ke jikinku, kun taɓa tambaya ko masu su na da rai?