Amsar da Na Ba Ɗalibar Jami'a

Assalamu alaikum, Malama mai gabatarwa, sannunku da aiki. Mai sauraronku ce daga Gagarawa Tasha.

Watan jiya wata ɗalibar jami'a ta yi sallama a gidana da takardu a hannu. Ta ce bincike take yi a kan mata da ibada, tana so ta gano ko addini na ƙara wa mace jin daɗin rayuwa. Na shimfiɗa mata tabarma. Tun da maigidana ya rasu, 'ya'yana suka koma Gumel da Maigatari, ba wanda ya zauna ya tambayi halin da nake ciki sai ita.

Ta ce, "Mama, kina jin kaɗaici?" Na ce alhamdulillahi. Ta ce, "Kina da wanda kike gaya wa damuwarki?" Na ce alhamdulillahi. Haka aka rene mu, ba a yi wa baƙo ƙorafi. Sai ta ce to, ta rubuta ina cikin jin daɗi sosai. Ta yi godiya ta tafi.

Malama, abin nan ya tsaya mini a rai. Nakan yini ban buɗe baki ba sai a kan sallaya. Salla ce ke riƙe da ni, amma nakan sauke tukunya in rasa wanda zan ce wa bismilla.

Don Allah ku tambayar mini malamai: in mace ta ce kaɗaici ya dame ta, ta yi wa Allah butulci ne?

Ke kuma 'yata ɗaliba, in kina ji, ki dawo ki gyara takardarki. Har yau ban naɗe tabarmar ba.