Kujerar Mai Zaman Banza

A wani gareji a Sabon Gari, Baba Toma, tsohon direba, ya ci birki a kan wani matashi da ke kwance kujerun wata tsohuwar Fijo.

"Ɗana, me motar nan ta yi maka kake mata tsirara?"

"Tseren daji za mu yi ranar Asabar, Baba, can bayan Samaru. An ɗaga ta, an sa mata manyan tayoyi. Yanzu nauyi nake rage mata."

"Irinta na ja shekara talatin a hanyar Kafanchan, har da damina. Tanki ya huje na liƙe da sabulu, lagireto ya yi yoyo na fasa masa ƙwai. Sau biyu tana kifewa da ni, ga ni tsaye. Ban yi boko ba, amma ba lakar da ta taɓa riƙe ni."

"To ina taka motar?"

"Yara sun sayar. Wai idona." Ya shafa kujerar gaba. "Wannan kada ka cire ta. In gefe ɗaya ya yi sakayau, juyewa za ta yi da kai a kwana."

"Kujerar mai zaman banza? Ai buhun yashi ya isa."

"Yashi ba ya jin kukan inji. Ni ko ban gani ba, zan gaya maka inda za ka canza giya."

Matashin ya dube shi, ya ajiye sifana.

"Akwai jijjiga fa, Baba."

"Shekara tara rabona da ita. Asabar ɗin ƙarfe nawa?"