Ɗigo Biyar a Maimakon Ɗaya

Sauri kan haifi nawa, kuma gishiri in ya yi yawa ɓata miya yake yi.

A tashar mota wani ɗalibin jami'a ya zura wa hoton gwajinsa ido, duk ya yi laushi. Dattijuwar da ke gefensa ta leƙo.

"Ɗana, ai wannan DNA ɗin ya dagargaje. Shekara talatin na yi a ɗakin gwaje-gwaje."

"Wallahi Mama, na gaji. Sinadarin da ke yanka DNA ɗin ne ya ƙi ci, sai na zuba ninki biyar."

"A ɗan bututun gwaji? Cikin wani ruwa mai kauri, gilisarin, fa ake ajiye sinadarin. In ya wuce ɗaya bisa goma na haɗin, gilisarin ya yi yawa, makancewa yake yi, ya dinga sara inda ba a aike shi ba. Datti ne kan hana shi ci; ka tsabtace DNA ɗin tukuna?"

"Ina na ga lokaci? Jibi zan gabatar da aikin."

"To, ka sake da ragowar DNA ɗin."

Ya sunkuyar da kai.

"Duka ka zuba?"

"Duka, Mama."

Samfur arba'in, wahalar wata huɗu, da zangon karatu guda: ɗigo biyar ya cinye su.