Bencin Mata

Ni kaɗai ce mace mai riƙe alƙalami a ɗakin shan magani na Kazaure, shekarar da likita Bature ya raba bencin maza da na mata. Ina rubuta kati na ji wata tsohuwa 'yar Roni tana yi wa wani ɗan daudu tsawa.

"Kai, tashi! Bencin maza yana can."

"Nan zan zauna, Iya. Sunana Dela."

"Ubanka ya yanka rago ya ce Dela?"

"Lauwali ya ce. Shekara ashirin ina Lauwali, kullum ciwon kai da faɗuwar gaba. An yi mini ƙaho, na sha rubutu, na sha bulala. Ranar da na ɗaura zani na kama tuya, ranar na samu barci."

"To me ya kawo ka nan?"

"Man gyaɗa ne ya ƙone ni. Kaina kam lafiya ƙalau."

"Haka ɗana Falalu yake cewa. Kawunsa ya cinna wa zaninsa wuta, yaron ya bi motar Kano, yau shekara bakwai."

Ta janye ƙullin kayanta daga kan bencin.

"Matso inuwa. Ai kuna sanin junanku, ko? Dogo ne, yana da wushirya."