Numfashin da Ke Dawowa Idan Na Kwanta

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu mai cetonmu, iyayena da 'yan'uwana. Ga baƙinmu, ni ce Saratu, Maman Bulus, mai sayar da albasa a kasuwar Jega. Maigidana yana koyarwa a Maiyama. Kun san ni da shegiyar tambaya. Uwar zumuntarmu ta mata takan ce ko sama na je sai na tambayi mala'iku abin da suke ci. To, ku ji yadda Ubangiji ya yi aiki da wannan hali nawa.

Na daɗe da ciwon hanta. An ce ƙwayar cuta ce a jini, wataƙila tun ina goye. Ban taɓa kai burkutu bakina ba, amma na ji raɗe-raɗin da aka yi ta yi, na bar su da Allah. Ina shan magani, ina zuwa Aliero sarin albasa, ina harkokina.

Sai numfashi ya fara gagara ta. Daga bakin titi zuwa rumfata sai na tsaya na huta. Leɓɓana suka yi shuɗi-shuɗi, kan yatsuna ya yi gundun-gundun kamar kan taɓarya. Aka ce asma ce, aka ba ni abin shaƙa, a banza. Gaskiya na ji tsoro. Har na fara raba zannuwana a zuci.

Kowa ya san in mutum yana haki, tayar da shi zaune ake yi. Haka Baban Bulus ya yi ta yi mini. Ya tara matasai ya jingina ni da bango. Da na zame sai ya ɗago ni, wai kwanciyar ce za ta ƙarasa ni. Ni kuwa ba ni da numfashin yin gardama.

Wata Laraba matan zumunta suka zo yi mini addu'a. Ina jingine, ɗakin yana juya mini. Suka durƙusa, kowacce ta rufe ido, ba mai tare ni. Na ce a zuciyata, Uba, in tafiya ce, bari in tafi a ƙasa a gabanka. Na sulale na miƙe shame-shame a kan tabarma.

Kafin su kai Amin, iska ta fara shiga. Na ja, ta shiga. Na ƙara ja, ta shiga!

Mata suka buɗe ido suka ga bakina ya washe. Sai guɗa, sai Haleluya, suka ɗago ni tsaye a yi rawa. Ba mu gama baiti ɗaya ba na ji ƙirjina ya sake rufewa. Rawa ta tsaya. Wata ta ce bangaskiyata ce ta yi rauni. Abin ya ƙona mini rai, amma mamaki ya fi ɓacin ran yawa. Wane irin ciwo ne wannan mai jin tsoron tabarma?

Da suka tafi na yi ta gwadawa. In kwanta, ya sake ni. In zauna, ya shaƙe ni. Na ce lalle akwai magana a nan.

A asibiti a Birnin Kebbi na faɗa wa likita. Ya aje biro ya dube ni. Ya maƙala mini ɗan abin auna iskar jini a yatsa, ya sa na kwanta, ya sa na tashi, yana kallon lambar tana sauka. Bayan wasu gwaje-gwaje ya ce ba asma ba ce, hantar ce ta taɓa huhu. Na ce ina hanta ina huhu? Ya bayyana mini cewa in hanta ta lalace, ƙananan hanyoyin jini na ƙasan huhu sukan buɗe fiye da kima. In na miƙe, jini ya gangara can, ya wuce da gudu bai ɗauki iska ba. In na kwanta, sai ya bazu inda ke da lafiya.

Sai na yi tambayar da kowa ke gudu.

"Likita, masu irin wanga ciwo, suna rayuwa?"

"Mama, ba zan ɓoye miki ba. Yana rage kwana fiye da ciwon hanta shi kaɗai. Waɗanda aka yi wa dashen hanta, huhunsu yakan warke a hankali, amma ba a kusa ake yi ba. Sauran, wasu kan tafi da wuri, wasu su daɗe. Ban san a ina kike ba."

Ban yi kuka ba. Na ji sanyi ma, don yanzu na san da wa nake faɗa. Aka haɗa ni da iskar oksijin, aka gyara mini magani, aka ce in riƙa dawowa. Ba a yi mini dashe ba, ban kuma ce muku na warke ba. Amma albasa ta fita ta sake fita, ga ni nan ina yi muku surutu.

Wanda ya yi kuka shi ne Baban Bulus. Tare da shi muka je asibitin. Da muka shiga ɗaki ya kwashe matasan nan duka ya watsar tsakar gida.

"Maman Bulus, ashe da hannuna nake shaƙe ki."

Na ce ƙauna ce ta sa, ya bar zancen. Washegari lokacin addu'ar safe, mutumin da bai taɓa yin addu'a ba sai a durƙushe, ya zo ya miƙe a ƙasa kusa da ni. Har yau a kwance muke yi, mu biyu.

Na gode wa Ubangiji da bai tashe ni tsaye ba ranar nan, ya kwantar da ni don a gane ciwona. Ku dogara gare shi, ku je a duba jininku, ku kuma faɗa wa likita duk abin da kuka lura da shi a jikinku, ko da ya yi kama da shirme. Yabo ya tabbata ga sunan Yesu. Amin.